Da wane littafi ya kamata in fara karatun falsafar Girkawa?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. A ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, an koya mana falsafa da Faransanci, amma galibi haddar maganganu muka yi domin jarrabawar bak, wato ta kammala sakandare. Yanzu ina so in karanta littattafan mutanen da kansu, musamman abin da suka faɗa kan hikima da rayuwa ta gari. Da wanne zan fara?

Malamin lise, Marwa:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka fara da ɗan littafin da Aflatun ya rubuta kan jawabin da malaminsa Sukurat ya yi domin kare kansa a kotun birnin Atina, a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. An tuhume shi da ɓata tarbiyyar matasa da ƙin yarda da allolin birnin, shi kuwa ya ce abin da ya fi sauran mutane da shi kawai shi ne ba ya riya cewa ya san abin da bai sani ba. Duk da haka aka yanke masa hukuncin kisa. A zama ɗaya za ka gama shi. Daga nan sai Efiktetus, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana bawa a Rum, kuma ɗalibinsa Ariyan ya taƙaita koyarwarsa: ka raba abin da yake hannunka, wato niyyarka da hukuncinka, da abin da ba ya hannunka, kamar dukiya da yabon mutane. Aristo kam ka jinkirta shi, yana da nauyi.

Hajiya, Ngaundare:
Malam, da girmamawa, ban yarda a jinkirta Aristo ba. Littafinsa na ɗabi'u kashi 10 ne, kuma babu wanda ya ce sai an karanta shi a jere. Kashi na 2 ya isa mafari, domin a nan ne ya bayyana cewa halin kirki yana samuwa ne ta hanyar sabo, kuma yana tsakanin wuce gona da iri da gazawa, kamar yadda kyauta take tsakanin rowa da almubazzaranci. Duk wanda ya yi zaure ya san wannan magana.

Almajiri, Njamena:
Hajiya ta yi gaskiya, kuma akwai dalili. An fassara wannan littafi zuwa Larabci a Bagadaza, Ibn Miskawaihi, wanda ya rasu a 1030 Miladiyya, ya gina littafinsa Tahzibul Akhlaƙ a kansa, sannan Imam Gazali, duk da suka mai tsanani da ya yi wa masu falsafa a kan aƙida, ya karɓi rabon kyawawan halaye zuwa hikima, jaruntaka, kamewa da adalci. Ɗan'uwa, idan kana jin Larabci, ka ajiye Ibn Miskawaihi kusa da fassarar Faransanci ta Aristo, kana duba wannan kana duba wancan.