XRD ɗina ya fito amma Malam ya ce ba saman kuzar na gani ba

Ɗan Bukuru: Salam 'yan'uwa. Ina aji huɗu a fiziks nan Jos, furojet ɗina kan kuza ne, na karɓo ta wajen masu wankin kuza a Bukuru na niƙa ta koma gari na tura Abuja aka yi mata XRD, wato gwajin da ake haska X-ray a kan abu don gane tsarin atom ɗinsa. Zanen sakamako ya dawo da babban tsini a digiri 26.6 da wani a 33.9, wallahi har na fara murna sai Malam ya ce wai cikin dutsen na gani, kuma in dai na'urar shinshino gas nake son yi to a saman kuzar ne komai ke faruwa. Don Allah ina bambancin yake?

Malam Fiziks: Wa alaikumus salam ƙanena. Malaminka ya yi gaskiya. Hasken X-ray ratsawa yake ya wuce dubban layukan atom, abin da saman ya faɗa sai ya nutse cikin hayaniyar na ƙasa. Masu nazarin sama ilektiron marar ƙarfi suke harbawa, kamar eV 20 zuwa 200 (eV ma'aunin ƙarfin ilektiron ne), shi layi biyu uku yake shiga ya dawo, sunan dabarar LEED. Tushenta gwajin Davisson da Germer ne a 1927 a Amurka kan ƙarfen nikel. To amma ba ta son gari, sai dunƙulallen kiristal guda, sannan sai an zuƙe iskar tukunyar gwajin ƙaf, don ko a ɗan ƙaramin matsin iska na 10^-6 torr cikin kamar daƙiƙa ɗaya iska ta lulluɓe saman.

Yaya Injiniya: Tsaya ma tukuna, kar ka saki jiki da 26.6 ɗin nan. Yashi, wato kwaz, shi ma babban tsininsa nan yake fitowa daidai, ni ya taɓa cinye min wata guda. Duba ko akwai 51.8, wannan na kuza ne, in ko ka ga ɗan tsini a 20.9 to yashi ya biyo ka.

Malam Fiziks: Haka ne Yaya. Kuma tunda gari gare ka XPS za ka nema, wani gwajin nazarin sama ne da X-ray, bai wuce nanomita 10 na sama yake karantawa ba, zai nuna maka halin da tin da oksijin ɗin da suka haɗu suka zama kuza suke ciki a wurin.

Ɗan Bukuru: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Yaya na duba yanzun nan, 51.8 na nan amma 20.9 ɗin ma na nan, ɗan ƙarami. Gobe in sha Allah zan sake wanke garin kafin in koma wajen Malam.