Yaya zan tsara darussan bidiyo da ɗalibai za su bi har ƙarshe?

Malamin kimiyyar sinadarai:
Assalamu alaikum. Ina koyar da 'yan aji ɗaya a jami'a, kuma saboda yawansu ya fi ƙarfin ɗakin lacca, na ɗauki darussana a bidiyo a zangon da ya wuce, na ɗora su a Moodle, dandalin koyarwa na intanet. Kowane bidiyo ya kusa awa guda. Da na duba bayanan shiga, sai na tarar yawancinsu sun buɗe na farko, sun kalli mintuna kaɗan, ba su sake waiwayarsa ba. Abin ya dame ni ƙwarai, domin na kwana ba barci a kan aikin. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka.

Malama daga tsangayar ilimi:
Wa alaikumus salam, Malam. A ganina tsawon ne ya kore su. A 2014 Philip Guo da abokan aikinsa sun nazarci kallon bidiyo har sau miliyan 6.9 a edX, wani dandalin darussa na intanet, suka gano cewa ɗalibai ba su cika wuce minti shida suna kallo ba, komai tsawon bidiyon. Saboda haka ka rarraba laccar gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa ta ɗauki batu ɗaya tak. Haka kuma binciken Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ya nuna cewa idan malami ya cika allo da rubutu, sannan yana karanta shi kalma bayan kalma, fahimta raguwa take yi, domin hankalin ɗalibi ya rabu tsakanin karatu da sauraro. A darasi irin naka, gara ka riƙa rubuta lissafin sinadaran da hannunka sannu a hankali kana bayani, yadda kake yi a gaban allo.

Ɗalibin aji uku:
Allah ya gafarta Malam, ku yi mini izini in faɗi namu ɓangaren. Yawancinmu da waya muke karatu, ba da kwamfuta ba, kuma data da kuɗin abinci muke sayenta. Bidiyo mai nauyi sai mu jira dare, sannan ga matsalar caji idan babu wuta. Idan aka haɗa kowane darasi da muryar malam kaɗai da taƙaitaccen rubutu, ana iya tura su ta WhatsApp cikin sauƙi. Muna kuma roƙon a daina ɗaukar hoton takarda a mai da shi PDF, domin sai mutum ya yi ta jan shafi dama da hagu, kuma manhajar da ke karanta wa abokinmu makaho rubutu ba ta iya karanta hoto.

Tsohon malami:
Na yarda da Malama, amma gajarta bidiyo kaɗai ba ta tabbatar da an koya. Gwajin da masu bincike Roediger da Karpicke suka yi a 2006 ya nuna cewa wanda ya gwada tuno abin da ya karanta ya fi wanda ya maimaita karatun riƙe shi bayan mako guda. Ka sanya tambayoyi uku a bayan kowace gaɓa, Moodle zai yi maka makin da kansa, kuma ka rubuta wa kowace amsar kuskure bayanin inda aka kauce. Tambayar da yawancinsu suka faɗi, da ita za ka buɗe lacca ta gaba.