Wai meye sirrin 720,720 ne jama'a?

Ɗan Kwari:
Salam 'yan uwa. Jiya a shago a Kantin Kwari mun haɗa ribar atamfa ta tashi naira 720,720 cif, mu bakwai ne, na danna kalkuleta ta ba kowa 102,960 ko kwabo bai yi saura ba. Sai yaron shago ya ce oga gwada 11, ta rabu, na gwada 13 ta rabu, wallahi har 16 ba wadda ta ƙi, sai a 17 ne aka samu ragowar naira 5. Dace ne ko akwai bayani?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam Alhaji, ba dace ba ne. Duba yadda take, 720 ne aka rubuta sau biyu, wato 720 sau 1001 ke nan, ita kuma 1001 ai 7 × 11 × 13 ce. Shi ya sa duk lamba mai gida uku in ka maimaita ta, ko 345,345 ko 218,218, dole ta rabu da waɗannan ukun. Sauran aikin 720 ce ta yi, don a cikinta akwai 16 da 9 da 5. In ka farfasa ta har ƙasa za ka samu 2 guda huɗu, 3 guda biyu, sai 5, 7, 11, 13, kuma ita ce mafi ƙanƙantar lamba da ke rabuwa da komai daga 1 zuwa 16. Rabinta 360,360 a 15 take tsayawa. Lambobin da ke raba ta guda 240 ne, kuma duk ƙasa da ita babu mai yawan haka, irin su ne Ramanujan, masanin lissafi ɗan Indiya, ya yi rubutu a kansu a 1915. 17 kuwa ba ta cikin iyayenta, ita ba ta rabuwa sai da 1 da kanta.

Yar Fagge:
Kai Malam ka tuna min islamiyya, lokacin da ake koya mana rabon gado, asalin mas'ala in sumuni (ɗaya bisa takwas) ya haɗu da sudusi (ɗaya bisa shida) 24 ake komawa. Yanzu na gwada, 720,720 a raba 24 ta ba ni 30,030 daidai. Da duk dukiyar mamaci haka take fitowa ai da an huta da rigimar canji.

Malamin Lissafi:
Hajiya 30,030 ɗin ma ba ƙaramar lamba ba ce, 2 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13 ce, lambobi shida na farko da ba sa rabuwa.

Ɗan Kwari:
Allah ya ƙara basira Malam. Na aika wa yaron bayanin, yanzu haka yana can yana cin caca da 'yan layinmu a kan 345,345, na ce ya bari haram ne, ya ce shayi kawai suka sa.