Wai meye bambancin alight da drop ne?

Ummu_Khairat:
Salam 'yan uwa, don Allah masu turanci ku taimaka min. Ƙanwata ce ke shirin WAEC ta kawo min wata jimla, "The passengers alighted from the bus", wai a zaɓi kalmar da ta fi kusa da ita. Ni dai na gane sauka ake nufi amma ai mu drop muke cewa, ko a Abuja in kin shiga mota ba abin da za ki ji sai driver I wan drop. To wanne ne daidai?

Malam_Sule:
Wa alaikumus salam hajiya. Alight sauka ne daga abin hawa, bas ko jirgin ƙasa, kuma da from yake tafiya. Sai dai turancin takarda ne da na sanarwa, a Landan jirgin ƙarƙashin ƙasa in ya iso tashar Green Park ana sanar da "alight here for Buckingham Palace" amma Baturen da ke zaune a ciki get off zai ce wa abokinsa. Shi kuwa drop aikin direba ne, shi ke sauke ki, in kika ce "drop me at Kabuga" kin yi daidai. Wancan I want to drop ɗin namu ne na gida, Bature in ya ji sai ya zaci faɗuwa za ki yi.

Dan_Fagge:
Malam ka manta get out of. Yadda aka koya mana, duk abin da za ka iya miƙewa tsaye ka yi tafiya a cikinsa kamar bas ko jirgi, ko wanda ake ɗarewa kansa kamar babur da keke, get off ne. Ƙaramar mota da tasi kuma get out of tunda a duƙe kake fitowa. Doki yana da nasa dismount, matakala ko dutsen Dala descend, jirgin ruwa disembark. Mu kam duk sauka ce hankali kwance, su ne suka ɗora wa kansu wahala wallahi.

Zee_Zariya:
Ki ce mata ta yi hattara fa, akwai tarko. In ta ga "the house was set alight" ba ruwansa da sauka, wuta aka cinna wa gidan, wata kalma ce daban rubutu ne kawai ya zo ɗaya. Sannan in on ne ya biyo baya, "the bird alighted on the branch", tsuntsu ne ya sauka a kan reshe. In abin ya riga ya wuce alighted za ta rubuta, alit sai a tsoffin waƙoƙi.

Dan_Fagge:
Amma malam ni ban ga laifin drop ɗin namu ba, a 2020 ai ƙamus na Oxford ya saka danfo da okada har da Kannywood, mu ma turancinmu turanci ne ehe.

Malam_Sule:
Ban ce laifi ba ne ɗan uwa, ni kaina a adaidaita sahu "akwai sauka" nake cewa abina. Amma mai makin jarrabawa ba ruwansa da wannan, in got off na cikin zaɓin shi za ta ɗauka.