Doguwar wayar HDMI ce ta ɓata min aiki

Mai Zane: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wallahi yau raina a ɓace yake. Saboda zafi na ɗauke kwamfuta daga ƙarƙashin tebur na kai ta ɗakin ciki inda ya fi sanyi, monita kuma na bar ta a gaban shago. Da ma da gajeriyar wayar DisplayPort nake aiki, mai kai hoto daga kwamfuta zuwa monita, wadda ta zo a kwali. Sai na shiga kasuwa na sayo wata wayar hoton, HDMI, mai mita 15. Tun da na jona, baƙi ya daina zama baƙi, ya koma ruwan toka. Jiya na haɗa kalandar biki, a allo na gan ta ta koɗe kamar atamfar da ta sha rana, sai na ƙara mata duhu. Da aka buga, fuskar amarya ta fito baƙi ƙirin, mai aiki ya ce ba zai karɓa ba. Ga shi allon yakan ɗauke na ɗan lokaci ya dawo. Na koma wajen mai shagon, ya ce ba ya karɓar kayan da aka buɗe. Ina gaya muku, doguwar waya tana shanye kyan hoto, kuma wannan jabu aka sayar min.

Alhaji Mai Kaya: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Amma ɗan'uwa ka iya bakinka, kalmar jabu tana da nauyi. Jabu shi ne a buga sunan wani kamfani a kan kayan da ba nasa ba. Kai waya ka nema, aka ba ka waya, ka jona ta kawo hoto. Ina jabun?

Ɗan Auta: Alhaji, ai duk abin da bai yi aikin da aka rubuta a jikinsa ba jabu ne. A ledar irin wayoyin nan har 8K ake rubutawa, wato wai suna ɗaukar hoto mai matuƙar kaifi.

Alhaji Mai Kaya: Yaro, mu ne muke rubutawa? Kaya hawa-hawa ne. Akwai mai tsada, akwai mai sauƙi. Mutum zai zo ka ɗauko masa mai kyau, ya ji kuɗi ya ce a ba shi ta ƙasa, gobe kuma ya dawo yana kiranka macuci.

Mai Zane: Ni ba a nuna min wata ba, Alhaji. Ita kaɗai ya ɗauko, ya ce orijinal ce, har ya nuna min kanta mai ruwan gwal.

Baban Khalifa: Maganar Mai Zane gaskiya ce, ni shaida ne. Lokacin da nake da gidan kallo na ja doguwar waya zuwa firojekta, sai kowane ɗan wasa ya fito da inuwarsa a gefe, ƙwallo ta zama biyu. Da na rage tsawo hoto ya washe. Wanda ya ce tsawo ba ya rage hoto bai taɓa jan waya ba.

Injiniya: Baban Khalifa, wayar nan taka kanta shuɗi ne, mai noti biyu a gefe?

Baban Khalifa: Ita ce.

Injiniya: To VGA ce, ranka ya daɗe, kuma abin da ka gani daidai ne. VGA tsohuwar hanya ce, tun 1987 IBM ta fito da ita. Launi take aikawa ta ƙarfin wuta, ja da kore da shuɗi kowanne da layinsa. In waya ta yi tsawo wutar ta yi rauni, sai ka ga dishi-dishi da inuwa. HDMI da DisplayPort da DVI mai dijital ba haka suke ba, lambobi suke aikawa, sifili da ɗaya. In lambar ta isa monita ta iya karanta ta, hoton mita 15 da na mita 1 ɗaya ne, ɗigo da ɗigo. In ta kasa karantawa, ba koɗewa hoton yake yi ba. Fararen ɗige-ɗige za ka gani suna ƙyalli, ko layuka, ko allon ya ɗauke gaba ɗaya. Waya ba ta san wace lamba ce baƙi ba balle ta zaɓe ta ta mayar toka.

Don haka Mai Zane, matsala biyu gare ka, kada ka haɗa su. Ɗaukewar allo, wannan na yarda zai iya zama waya. Hoton 1080, wato mai layuka 1080, mai sauyawa sau 60 a daƙiƙa yana cin kusan gigabit 4.5 na bayanai a daƙiƙa, na 4K da ya fi shi kaifi kuwa kusan 18, wato iyakar abin da HDMI 2.0 ke ɗauka. Mita 15 a wayar da ba ta da abin ƙara ƙarfi a ciki, ko a 1080 ɗin ma ka kai bakin gaɓa, musamman in jan ƙarfen ciki siriri ne. Amma baƙin da ya koma toka, ina kyautata zaton saiti ne. Sau da yawa in kwamfuta ta ga HDMI sai ta ɗauka talabijin aka jona mata, ta riƙa aika haske daga 16 zuwa 235 maimakon 0 zuwa 255, inda 0 ne baƙi ƙirin, 255 kuma fari fat. Monita kuma ta nuna 16 ɗin a matsayin toka. Ka shiga saitin katin girafik ɗinka, inda aka rubuta Limited ka mayar Full.

Alhaji Mai Kaya: Kun ji ko? Injiniya ma ya ce ba jabu ba ce.

Injiniya: Ban ce ba, Alhaji.

Maman Ihsan: Ni dai abin da ke ci min rai shi ne wannan "ba a dawo da kaya". In ba ka buɗe ba ta yaya za ka gwada? Sau biyu ana yi min haka a kan tawadar firinta. Mu mata ma abin ya fi yawa, da an gan ka da mayafi sai a ɗauko maka na ƙasa.

Alhaji Mai Kaya: Hajiya, kada ki yi mana kuɗin goro. Mu ma haka dila yake mana a Legas. Kwali in ya baro can ya baro ke nan.

Ɗan Auta: Duk dai 'yan China ne.

Baban Khalifa: To wayar da kake rubutu da ita a ina aka yi ta? Masu tsadar ma can ake yi. Ɗan kasuwa ne ke zuwa ya ce a yi masa daidai kuɗinsa.

Alhaji Mai Kaya: Baban Khalifa, wannan ƙazafi ne. Shekara da shekaru ina kasuwa ban taɓa cewa a rage min ingancin kaya ba. In tone-tone za a yi, masu gyara nawa ne ke zare ram ɗin mutane su sa ƙarami? Mun taɓa kiransu ɓarayi a zauren nan?

Ɗan Auta: Yanzu ka kira, Alhaji. Ogana yana cikin zauren nan, kuma ko sukuru bai taɓa ɗauka na wani ba.

Alhaji Mai Kaya: Ba da ogan ka nake ba. Kuma ka koyi magana da manya.

Injiniya: A kan maganar jabu, akwai abin dubawa. Masu lasisin HDMI sun hana a rubuta lambar fasali irin 2.0 ko 2.1 a matsayin sunan waya. Daga cikin sunayen da suka amince da su akwai Standard, High Speed, Premium High Speed da Ultra High Speed, kuma biyun ƙarshe suna zuwa da tambari a kwali mai lambar QR da ake dubawa da wayar salula. Ruwan gwal a kai tsatsa yake hanawa, ba ya ƙara ko ɗigo ɗaya a hoto.

Alhaji Mai Kaya: Wannan dokar can Amurka. Nan wa ke duba tambari?

Mai Zane: Na dawo. Na mayar Full, kuma gaskiya baƙin ya dawo. Amma allon bai fasa ɗaukewa ba, yanzu ma ya yi sau biyu. Ni har yanzu ina kan bakana, da ban sayi wayar nan ba da kalanda ba ta lalace ba.

Shugaban Zaure: To jama'a, a tsaya haka, magana ta fara fita daga hanya. Abin da na fahimta daga bayanan kowa: na farko, an tabbatar laifin saitin kwamfutar Mai Zane ne, ba na waya ba, kuma shi da kansa ya amsa. Na biyu, babu wanda ya kawo hujjar cewa kayan jabu ne, don haka ya kamata a janye kalmar. Mu da muke kasuwa mun san yadda kalma ɗaya ke kashe shago. Na uku, yara su riƙa girmama manya. Mai son waya mai kyau ya riƙa tambaya kuma ya shirya biya. An rufe wannan magana.

Maman Ihsan: Shugaba, maganar dawo da kaya fa? Ko don kai ma shago gare ka?

Injiniya: Shugaba, da girmamawa, rabin maganata ka ɗauka. Ɗaukewar allon tana nan, kuma ba saiti ba ce. Mai Zane, ka kawo monitar kusa da kwamfuta ka jona da gajeriyar HDMI na yini ɗaya. In ba ta ɗauke ba, doguwar ce ta gaza. Sai ka nemi mai abin ƙara ƙarfi a kai ko ta faiba mai aika hoto da haske, ko akwati biyun nan da ake haɗawa da wayar intanet ta Cat6. Mai ƙara ƙarfin da ta faiba suna da gefen kwamfuta da gefen monita, ka duba rubutun kai kafin ka bi da ita ta bango.

Mai Zane: Zan gwada gobe in an kawo wuta. Kalmar kuwa ban janye ba.