Wadda ta taɓa yin leza a fuska a Abuja, ta ba mu labari

Maman Ilham, Gwarimpa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara uku ke nan kuraje sun hana ni sakat a kumatu da haɓa. In sun warke su bar baƙin tabo, ga hancina kullum cikin maiƙo, ramukan fatar a buɗe. Ƙawata ta ce in gwada leza, wato gyaran fata da na'urar haske. Kafin in zuba kuɗina, don Allah wadda ta taɓa yi ta faɗa mana yadda ta kaya.

Hadiza, Kubwa: Wa alaikumus salam. Ni na yi, kuma na ƙone. Wani wurin gyaran jiki ne a Wuse 2, suka ce IPL za a yi min. Yarinyar da ta riƙe na'urar ko man da nake shafawa ba ta tambaya ba. Duk harbi ɗaya ji nake kamar an ja roba an sake min a kunci, na yi magana ta ce haka yake, in daure. Washegari na tashi da shaida mai kusurwa huɗu jere a kumatuna, daidai girman bakin na'urar, kamar an ɗanɗana min dutsen guga. Sai daga baya likitar fata ta warware min: IPL ma ba leza ba ce, haske ne mai faɗi da ke bin duhun launi. Mu kuwa fatarmu cike take da melanin, sinadarin da ke ba fata duhu, zafin da ya kamata ya tafi kan tabo sai fatar gaba ɗaya ta sha. Wata bakwai ina fita da takunkumi.

Maman Ilham: Innalillahi. Sannu Hadiza, Allah ya ƙara sauƙi.

Anti Binta, Garki: Ƙanwata, kafin maganar leza, me kike shafawa? Ni jan fuska ne ya kai ni asibiti, kumatuna sun yi jawur, 'yan siraran jijiyoyi duk sun fito, in na shiga rana kamar an watsa min barkono. Da kuɗina a jaka na je, na ce leza nake so. Likita ya ce in kawo duk mayukana. Ya juya wani ƙaramin kwali ya nuna min kalmar clobetasol. Maganin sitiroyid ne mai ƙarfi, shi ake zubawa a haɗin man bilicin, shi ya siranta min fata ya kawo jan da kurajen. Ya ƙi taɓa ni da na'ura. A hankali ya yaye ni daga man, don in aka daina lokaci guda fuskar tana tayarwa. Makonnin farko na yi kuka wallahi, ko biki ba na zuwa.

Ummu Sultan, Lugbe: Ni dai alhamdulillah tawa ta yi kyau. Wata irin leza da ake kira Nd:YAG aka yi min, mai lamba 1064, ita ce aka fi amincewa da ita ga baƙar fata saboda tana wuce saman fata ta shiga ciki. Sai da aka gwada a ƙasan muƙamuƙina aka jira mako biyu. Zama huɗu na yi, wata-wata. Kurajen sun ragu sosai, maiƙon ma haka. Amma ramuka kam kar a ruɗe ki, sun ɗan tsuke, yanzu suna dawowa. Kuma man kariya daga rana SPF 50 ya zama dole, kin san ranar Abuja a watan Maris.

Zainab, Nyanya: Shuɗin haske na gwada, irin wanda ake kifa maka fitila a fuska. Babu zafi ko kaɗan. Ƙananan kuraje masu ja sun lafa, manyan nan masu zurfi da ciwo ko gezau.

Maman Ilham: Anti Binta, yanzu na tashi na ɗauko man da nake haɗawa da na jikina. Clobetasol ɗin nan ne a rubuce a gefen kwalin, kuma tun bayan haihuwar Ilham nake shafa shi. In ci gaba da shi har in ga likita ranar Litinin, ko in rage tun daren nan?