Kuɗin sallamar Yaya: gidan haya ko fili?

Auta: Yaya, Allah ya huci zuciyarka, tunda ka kawo maganar gina gidan haya da kuɗin sallamarka cikin dangi bari ƙaramin baki ya faɗi nasa. Gina gidan haya a Kano yanzu binne kuɗi ne. A ce ka kashe miliyan 30 ka fitar da filat biyu, kowanne ka ba da shi dubu 600 a shekara. Sai ka yi shekara 25 kafin uwar kuɗinka ta dawo, ba a ma cire gyara ba. Ka sayi filaye a hanyar Gwarzo ka manta da su. Fili ba ya yoyo, ba ya kiranka da tsakar dare wai shadda ta cika.

Yaya: Ina jinka. Abin da ke sa ni taka-tsantsan, kuɗin sallama sau ɗaya ake ba mutum.

Gwaggo: Kai Auta, fili ba ya yoyo, amma ka taɓa ganin ya sa tukunya a wuta? Ɗakunan nan shida na Danbare da marigayi ya bar min, ɗaliban BUK nake ba wa, da su na aurar da 'yan'uwanku biyu. Yayanka ya bar aiki, abin da zai riƙa shigowa yake bukata.

Auta: Gwaggo, a yi min afuwa, amma a 2022 da ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta yi wata takwas tana yajin aiki, wa muka ji tana salati?

Gwaggo: Ni ce, ban musa ba. Yara suka kulle ɗakuna suka tafi, da suka dawo kowa na roƙon a ɗaga masa ƙafa. Na ɗaga. Ɗakunan dai ba su gudu ba.

Auta: To ga siminti. Buhun da ake saye wajen dubu 5 a 2023, farkon 2024 ya haura dubu 10 a wurare da dama. Wane ɗan haya ne zai yarda a ninka masa haya a shekara guda? Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024, hayar da na lissafa kuwa kashi 4 ce kacal.

Kawu: Ɗana, lissafinka da ƙafa ɗaya yake tafiya. Gidan a iska aka gina shi? Kan fili yake zaune, filin kuma yana tashi kamar na kowa. Mai gida yana cin tashin ƙasa, yana kuma karɓar haya. Tsadar simintin ma da ka kawo, ai wanda ya riga ya gina ta yi wa daɗi.

Auta: Wanda ya riga ya gina, Kawu. Yaya yau zai fara. Kuma kuɗin da zai zuba a bulo da kwano ya isa fili uku ko huɗu, su duka suna tashi, ginin kuwa tsufa yake.

Kawu: Nan kam ka ɗan taɓa gaskiya.

Barista: Ku ba ni dama, don kuna ta cewa "filina" kamar an gama. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna. Abin da mutum ke riƙewa izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sayar da shi sai da amincewar gwamna. Takardar dagaci da shaidu uku ba ta kai nan ba. Filin awon igiya da Auta ke so a manta da shi, shi ne wanda ake sayar wa mutum biyu, ko ka dawo ka tarar an yi katanga. Wanda gwamnati ta yanka kuma yawanci da sharaɗin a gina cikin wa'adi. Kada Gwaggo ta yi murna tukuna: a rusau ɗin da gwamnatin Kano ta yi a 2023, shagunan Filin Idi ginannu ne aka kwantar. Ko fili ko gida, a fara zuwa KANGIS, hukumar bayanan filaye ta Kano, a bincika.

Yaya: To ni kuɗin ma filat ɗaya da rabi za su yi. Na yi tunanin rancen asusun gidaje na NHF, tunda shekara da shekaru ana cire min kashi 2.5.

Barista: Wannan rancen na gidan da za ka zauna ne, Yaya, ba na haya ba. Abin da ya dace da kai yanzu, ka nemi a mayar maka da abin da ka tara, haƙƙin wanda ya yi ritaya ne.

Kawu: Kuma kashi 6 ɗin da ke kan rancen kuɗin ruwa ne, komai ƙanƙantarsa. In dole sai banki, akwai bankunan Musulunci irin su Jaiz masu ijara (haya) da murabaha (saye a sayar maka da riba). Sai dai su ma ba sadaka suke ba. Ka ɗora ribarsu kusa da hayar, in hayar ba ta biya ba, daga fanshonka za a cike.

Gwaggo: Bar bashi, ka gina ɗaya ka rufe, ɗayan ya jira a linta. Kowa da mitarsa ta kati, don rigimar kuɗin wuta ta fi ta haya. Dillali ya ci la'adarsa ya tafi, kai za ka zauna da mutumin, saboda haka ka je unguwar da ya baro ka tambaya. A rubuta wa zai yi fenti, wa zai kwashe shadda. Kuma kada ka ba ɗan'uwa.

Kawu: Da ni kike, Hajiya?

Gwaggo: Ban kama suna ba. Shekara biyu ce dai har yau ban gani ba.

Yaya: Barista, filin nawa na Rijiyar Zaki da zan yi ginin a kai, takardar dagaci ce kawai a hannuna.

Barista: Kada a sauke ko tifa ɗaya ta yashi. Ka zo min da ita ofis ranar Litinin.

Auta: In ta fito lafiya, ni ina da mai saye.